Naɗar Gudun Manhaja da Maimaita Shi: Abin da rr Ya Nuna Game da Neman Kuskure a Ƙungiyance

Gabatarwa

Kuskuren da ya fi wahalar da masu rubuta manhaja shi ne wanda yake bayyana sau ɗaya, idan aka zo nemansa kuma ya ɓuya. Tun a 1985 Jim Gray ya yi hasashe, a rahoton da ya rubuta a kamfanin Tandem, cewa yawancin kura-kuran manhajar da ta riga ta shiga aiki irin waɗannan ne. Sanadinsu abubuwa ne da ke sauyawa daga wannan gudu zuwa wancan: lokacin agogo, saƙon da ya shigo ta intanet, da jerin da zaruruwan aiki suka bi wajen taɓa ma'adana ɗaya. A cikin ƙungiya abin ya fi muni, domin mai gwaji ya gani da idonsa, injiniya kuwa ya ce a kwamfutarsa komai lafiya. Wannan maƙala na tsaye a kan cewa babban amfanin naɗa da maimaitawa shi ne mayar da faɗuwar manhaja wani abu tabbatacce da mutane da yawa za su duba tare.

Waiwaye

LeBlanc da Mellor-Crummey sun gabatar da Instant Replay a 1987, kuma a 2002 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fito da ReVirt mai naɗar kwamfuta sukutum don bin sawun masu kutse. Babu jayayya da waɗannan.

Jayayyar tana ga masu ɗaukar fannin a matsayin dabarar takawa baya kawai. Wannan fahimta ta yi ƙarfi bayan fitowar manhajar neman kuskure ta GDB 7.0 a 2009, wadda ke rubuta sauyin da kowane umarni ya yi domin a iya warware shi. Tsarin yana jan manhaja ƙwarai, kuma a yadda ya zo umarni 200,000 kacal yake riƙewa, adadin da furosesa ke cinyewa kafin ƙiftawar ido. Wanda ya bi wannan hanya dole ya riga ya san inda kuskuren yake kafin ya kunna naɗi, alhali rashin sanin wurin shi ne matsalar tun farko. Naɗin ma yakan tsaya ne a hannun mutum ɗaya. VMware ta gwada naɗar kwamfuta gaba ɗaya, amma ta janye shi a 2011.

Hanyar Bincike

An kwatanta bayanan ƙira da aka wallafa bisa tambayoyi uku: me ake naɗa, jinkirin da naɗin ke jawowa, da ko zai iya barin kwamfutar da aka yi shi.

Sakamako

Manhajar rr, wadda Robert O'Callahan da abokan aikinsa suka gina a Mozilla don gyaran Firefox kuma ta fito a 2014, ita ce ta fi amsa tambayoyin. Ba ta naɗar umarni. Tunda furosesa kan ba da amsa ɗaya idan an ba shi abu ɗaya, abin da ke shigowa daga waje kaɗai ake ajiyewa: amsoshin da Linux ya mayar wa manhaja, sigina, da karatun agogo. Zaruruwan aiki kuwa ana tilasta musu gudu ɗaya bayan ɗaya, don haka babu biyu da za su taɓa ma'adana a lokaci guda.

Saura tambaya mai wuya: a daidai wane wuri sigina ya faɗo, ko aka karɓe aiki daga wani zare aka ba wani? A nan gwanintar take. Furosesan Intel, daga Nehalem zuwa gaba, yana da ma'auni mai ƙirga rassan sharaɗi da aka kammala, kuma ƙirgar ba ta sauyawa tsakanin gudu biyu iri ɗaya. Da wannan adadi, haɗe da abin da ke cikin rajistocin furosesa, rr ke gane wurin ba tare da kuskure ba. A maƙalarsu ta taron USENIX na 2017, masu ginin sun ruwaito jinkirin da bai kai ninki biyu ba a ayyukan da ba su dogara da gudun zaruruwa da yawa a lokaci guda ba. Wannan sauƙi ne ya sa ake iya barin gwaji yana maimaituwa dare da rana har kuskuren ya faɗa tarko.

Abin lura shi ne rr ba ta gudu baya ko kaɗan. Idan injiniya ya nemi wanda ya lalata wani adireshin ma'adana, tana komawa wani zango da ta ajiye ne, ta sake tahowa gaba. Takawa baya 'yar maimaitawa ce; maimaitawar ita ce uwa. Kuma tunda adireshin ma'adana ba ya sauyawa daga maimaici zuwa maimaici, abin da injiniya ya rubuta yau zai yi wa abokin aikinsa amfani gobe. Umarnin rr pack na tattara fayilolin naɗi don a aika wani wuri. Pernosco, wanda ya fito a 2019, na mayar da naɗin rr rumbun bayanai da ake buɗewa a burauza, tare da wurin rubuta bayani. Microsoft ta sanya irin wannan naɗi cikin WinDbg a 2017, Replay.io kuma ta kai shi ga manhajojin burauza. Duk sun karkata wuri ɗaya: naɗin da za a miƙa wa wani.

Iyakoki

Gaskiya ne gudu ɗaya bayan ɗaya na rage saurin manhajar da ke cin cibiyoyin furosesa da yawa, yana kuma ɓoye wasu kura-kuran tsere, abin da ya sa aka ƙara wa rr yanayin hargitsa jerin zaruruwa a 2016. Naɗin na iya ɗauke da kalmar sirri da bayanan mutane, don haka raba shi na bukatar tsaro. Binciken kuma bai wuce bayanan da aka wallafa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rushe hujjar. Ƙungiyar da ke aiki a Linux, kuma gwajinta ke faɗuwa jefi-jefi, ya kamata ta riƙa naɗa shi, ta haɗa naɗin da rahoton kuskure maimakon dogaro da bayanin baki.