Tsumman Jariri a Malanbil

Kafin a san famfas a Malanbil, garin nan na Benin da ke bakin kogin Kwara yana kallon Gaya, tsohon zane ne ƙunzugun jariri. Na tashi na tarar iyayenmu mata suna yayyaga zanen da ya sha wanki ya yi laushi. Uwa kuma ta san lokacin ɗanta: da ya fara mutsu-mutsu sai ta tsugunar da shi a kan ƙafafunta, don haka tsumma kaɗan ya wadatar.

Daga baya nafkin na tawul ya shigo, da fil da wandon roba. Ƙa'idarsa sananniya ce: a ɗauraye nan take, a jiƙa, a wanke da sabulu, a shanya a rana, a bi da dutsen guga. Wanda aka kula da shi yakan yi wa wa, ya yi wa ƙane.

A 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a Amurka, sannu a hankali irinsa ya iso kasuwarmu ta tashar ruwan Kwatano. Amma abin saye yana bin aljihu. A Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta, kayan waje suka yi tsada. A 2023 aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar, ciniki ya ja baya.

Shi ya sa nake ganin kada mu bari sanin wankin nafkin ya tafi tare da kakanninmu. Ranar da kasuwa ta tsaya, jariri ba ya jira.