Daga Zariya Zuwa Gusau: Tarihin Karatun Kwamfuta Mai Zurfi ga Ɗaliban Yammacin Zamfara

Tarihin karatun kwamfuta a matakin jami'a, idan aka dube shi daga Bukkuyum da Anka da Gummi, ya ta'allaka ne a kan tazarar da ke tsakanin ɗalibi da na'ura, domin darussan ajin uku da na huɗu ba sa kammaluwa a kan allo kaɗai. A waɗannan azuzuwan ne ake koyar da algoridim, wato jerin matakan da ake bi daki-daki don warware matsala, da manhajar gudanarwa, wadda ke raba ƙwaƙwalwar na'ura da lokacinta tsakanin ayyuka, da kuma manhajar da ke juya umarnin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Duk wanda bai gwada waɗannan da hannunsa ba, abin da ya samu hadda ce.

Tushen wannan ilimi a Arewa yana Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta kuma gaji sashen injiniya daga kwalejin fasaha da kimiyya da ta gabace ta. Cibiyar kwamfutar jami'ar tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, kuma hakan ya dace da asalin fannin, domin a ƙarƙashin sashen lissafi karatun kwamfuta ya yi shekaru masu yawa kafin ya tsaya da ƙafafunsa. A zamanin manyan na'urori masu cika ɗaki, ɗalibi kan rubuta umarninsa da harshen FORTRAN, a huda shi a kan katuna, a miƙa wa ma'aikatan cibiya, sannan ya jira sakamako a takarda. Kuskuren harafi ɗaya kan sa a sake bin layi daga farko. Wannan tsari ya tilasta wa ɗalibai tantance aikinsu da fensir kafin su kusanci na'ura, abin da ya ƙara ɗaure fannin da lissafi.

Kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ya rage tafiyar ga mutanen wannan yanki, waɗanda suka zama 'yan Jihar Sakkwato daga 1976, kuma a can ma cikin sashen lissafi karatun kwamfuta ya fara. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta samar da difloma a fannonin injiniya, amma mai neman digiri sai ya bar gida, har bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Sai a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, inda ɗan Bukkuyum zai iya karanta kimiyyar kwamfuta cikin jiharsa.

Abubuwa biyu ne suka bambanta manyan azuzuwa da na farko. Na ɗaya shi ne shirin SIWES na koyon aiki a masana'antu, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ɓullo da shi a farkon shekarun 1970 saboda koken masu ɗaukar aiki cewa masu digiri ba su san kayan aiki ba; ɗalibin kwamfuta kan yi wata shida a ajin uku, ɗalibin injiniya kuma, wanda karatunsa shekara biyar ne, a ajin huɗu. Da yake kamfanonin fasaha sun taru a Legas da Abuja da Kano da Kaduna, ɗalibin da ba shi da masauki a can kan ƙare a ofishin gwamnati ko shagon buga takardu. Na biyu shi ne furojet, aikin ƙarshe da ɗalibi ke ginawa a ƙarƙashin malami mai dubawa, ya kuma kare shi a gaban masu jarrabawa.

Shigowar wayar salula a 2001 da araha da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi daga baya sun sauya yanayin matsalar, domin na'ura ta koma jakar ɗalibi, amma amfaninta ya rataya a kan wutar lantarki da intanet. An ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, har masu aikin furojet suka rasa hanyar sauke manhaja ko tuntuɓar malamansu sai sun ƙetara zuwa wata jiha.

A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon kundin darussa da ya ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsaron intanet da injiniyancin manhaja, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Wannan kaso ne ke ba jami'o'in Zamfara damar ɗora darussansu a kan buƙatun jihar, kamar adana bayanan asibitocin karkara da bin diddigin haƙar zinare a Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010.