Masu Sharar Gidan Mozilla

Idan muka buɗe shafin intanet a waya, ba ma tuna cewa burauzar da ke nuna mana shi gini ce ta miliyoyin layukan rubutu, kuma kamar gidan ƙasa, in ba a yi mata yaɓe ba sai ta zube. Tarihin Mozilla ya ishe mu misali.

Ranar 31 ga Maris, 1998, kamfanin Netscape na Amurka ya saki rubutun tushe na burauzarsa ga duniya, bayan da Internet Explorer ta Microsoft ta fara cinye masa kasuwa. Fatansa shi ne masana daga ko'ina su taya shi gyara. Da suka leƙa ciki, sai suka tarar da kayan da aka haɗa cikin gaggawa. Fuskar burauzar ma kashi uku ce: ta Windows daban, ta Mac daban, ta Unix daban. Gyara ɗaya sai an yi shi sau uku.

A watan Oktoba na shekarar aka yanke shawara mai ɗaci: a ajiye tsohon injin, a koma kan sabo, wanda aka sa wa suna Gecko, sannan a rubuta fuska guda da za ta yi aiki a kowace na'ura. Netscape 5 ba ta taɓa fitowa ba. Jamie Zawinski, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa aikin, ya ajiye shi a 1999 yana kukan jinkiri.

Abin da ya riƙe ginin a shekarun nan ƙananan ayyuka ne. Akwai NSPR, wani sashe da ya ɗauke wa sauran rubutun wahalar bambancin na'urori wajen buɗe fayil, lissafin lokaci da haɗuwa da intanet. Akwai kundin ƙa'idoji da ya hana amfani da wasu dabarun harshen C++, don manhajojin da ke sarrafa rubutun a wasu na'urori ba su gane su. Har da umarnin a rufe kowane fayil da sabon layi.

Akwai kuma Tinderbox, allon da ke nuna sakamakon kwamfutoci iri-iri da ke ta harhaɗa burauzar dare da rana. Kore na nufin lafiya lau, ja na nufin wani ya ɓata. In allo ya yi ja, sai a rufe ƙofar ƙara sabon aiki har a gyara. Wanda abinsa ya yi kyau a Windows amma ya karye a Mac bai gama aiki ba.

Jinkirin ya yi tsada. Kafin Mozilla 1.0 ta fito a Yunin 2002, Internet Explorer ta mamaye sama da kashi 90 na kasuwa, Netscape kuwa ba ta sake tashi ba. Amma daga wannan rubutun da aka share aka fitar da Firefox 1.0 ranar 9 ga Nuwamba, 2004, a Windows da Mac da Linux lokaci guda, daga baya Gecko ya iso wayoyinmu na Android.

Sharar ba ta ƙare ba, kuma ba a gidan Mozilla kaɗai ake yin ta ba. A 2013, da Google ta ware injinta Blink daga WebKit, cikin abubuwan farko da ta sanar har da goge fayiloli sama da 7,000, layuka fiye da miliyan 4.5. Mafi yawan sabuntawar da wayoyinmu ke roƙon mu sauke, mu kuma muna jin ƙyashin data, irin wannan aikin ne ke cikinta.