Kalma Ɗaya A Mashigin Urdun

Karatu: Littafin Mahukunta 12:1-7

A zamanin mahukunta babu sarki a Isra'ila. Kowace kabila tana zaune a gādonta, sai abokan gāba sun taso a nemi juna. Kabilar Ifraimu babba ce, alfarwa ta sujada kuma tana Shilo, cikin yankinta. Saboda haka mutanenta ba sa jure a yi wani babban abu ban da su.

Sa'ad da Gidiyon ya kori Madayanawa da mutum 300, Ifraimawa suka yi masa faɗa ƙwarai don bai kira su tun da fari ba. Gidiyon bai kāre kansa ba. Ya tuna musu cewa su ne suka kama Oreb da Ziyib, shugabannin Madayana, ya ɗaukaka aikinsu bisa nasa. Nan take fushinsu ya huce, ƙasar kuwa ta huta shekara 40.

Daga baya Yefta, mutumin Gileyad a hayin Urdun, ya ci Ammonawa da yaƙi. Ifraimawa suka sake zuwa da ƙara iri ɗaya, har suka ce za su ƙone gidansa da shi a ciki. Suka kuma zagi Gileyadawa cewa gudaddu ne kawai daga Ifraimu. Yefta ya ce ya kira su, su ne suka ƙi zuwa. Bai tsaya nan ba, ya tara mayaƙansa ya fatattake su.

Gileyadawa suka tare mashigan Urdun. Duk wanda ya zo hayewa ya ce shi ba Ba'ifraime ba ne, sai su sa shi ya ce "Shibolet", wato zangarniya ko ruwa mai gudu. Ba'ifraime sai ya ce "Sibolet", gama harshensa bai saba ba. A nan suke kashe shi. Mutum 42,000 na Ifraimu suka hallaka. Ga abin baƙin ciki: Gileyad jikan Manassa ne, Manassa da Ifraimu kuwa 'ya'yan Yusufu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yefta ya yi mulki shekara 6 kaɗai.

'Yan'uwa, a ikkilisiyoyinmu kabilu da yawa ne suke sujada da Hausa, kowa da karin harshensa. Idan lokacin zaɓen dattawa ya yi, ko na shugabar zumuntar mata, me muke fara dubawa, halin mutum ko garinsu? Wanda ya ce an manta da shi wajen ginin majami'a, wace amsa majalisa take ba shi, ta Gidiyon ko ta Yefta? Mai yiwuwa gaskiya tana wajen Yefta, amma gaskiyar da aka faɗa da zafi ba ta cece ko ɗaya daga 'yan'uwansa ba.

A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsawata musu ba. Aka zaɓi mutum 7, dukansu masu sunayen Helenanci, aka danƙa musu aikin, Maganar Allah kuwa ta yi ta haɓaka. Wannan ce hanyarmu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka tsare bakinmu daga zagin kabila, ka ba shugabanninmu tattausar amsa, ka sa mu karɓi juna kamar yadda ka karɓe mu. Cikin sunan Yesu, Amin.