Ruangrupa: Ƙungiyar masu fasaha da ta kai tsarin rumbu Jamus

Ruangrupa ƙungiya ce ta masu zane da fasahar zamani da aka kafa a Jakarta, babban birnin Indonesiya, a shekarar 2000, shekara biyu bayan faɗuwar gwamnatin Suharto. Da gidan haya ta fara, inda falo ya zama zauren baje koli, kuma dandalin muhawara kan matsalolin birnin.

Sunanta ya fito duniya a 2022, lokacin da ta jagoranci documenta karo na 15, wato babban bikin fasaha da ake yi duk shekara biyar a Kassel ta Jamus. Ta ɗora bikin kan tsarin da Indonesiyawa ke kira lumbung, rumbun shinkafa na gari, inda ake tara rarar amfanin gona a raba bisa buƙata. Maimakon ta zaɓi fitattun masu zane, sai ta gayyato ƙananan ƙungiyoyi, irin su Wajukuu da ke wata unguwar talakawa a Nairobi, su ma suka gayyato wasu, aka kuma zuba wani kaso na kuɗin a asusu ɗaya.

Sai dai rumbun da kowa ke zubawa yana da wuyar tsaro. Kwanaki kaɗan da buɗewa, aka gano hotunan ƙyamar Yahudawa a wani ƙaton zane na ƙungiyar Taring Padi. Aka sauke zanen, sannan babbar daraktar documenta, Sabine Schormann, ta bar kujerarta a watan Yuli.