Masana da 'Yan Kasuwa a Farkon Binciken Duniyar Kwaikwayo, 1968 zuwa 1995

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da duniyar kwaikwayo a wannan maƙala shi ne wuri na ƙage da kwamfuta ke zanawa, mutum ya sa wani tabarau na musamman ya ga tamkar yana cikinsa, in ya waiwaya hoton ya juya tare da shi. Za a yi ƙoƙarin nuna yadda buƙatun masu binciken wannan fanni suka saɓa da na kamfanonin da suka shigo daga baya.

2.0 Daga Ɗakin Bincike zuwa Kasuwa

Gwamnatin Amurka ce, musamman ɓangaren soja, ta reni binciken tun yana jariri. A shekarar 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka harhaɗa irin wannan tabarau a Jami'ar Harvard. Thomas Furness ya yi wa matuƙan jiragen yaƙi makamancinsa, hukumar NASA kuma ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1980.

Abin da ya fi damun masana shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin juya kai da juyawar hoto. In ta yi yawa, ido ya ga abu ɗaya, jiki ya ji wani daban, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Masu bincike irin su Fred Brooks na Jami'ar North Carolina sun fi son a kawar da wannan aibi tukuna, a kuma ɗora fasahar kan aiki mai amfani, kamar nazarin ƙwayoyin sinadarai da zagaya gini kafin a aza tubalinsa.

Su kuwa kamfanoni, abin sayarwa suke nema. Kamfanin VPL na Jaron Lanier ya fito da safar hannu ta DataGlove, wadda kuɗinta ya kai dubban daloli. A 1989 kamfanin Mattel ya rage mata inganci ya sayar wa yara da sunan Power Glove, amma ba ta yi ƙarko a kasuwa ba. Haka ma Virtual Boy na Nintendo, wanda ya fito a 1995 da hoto ja da baƙi kawai, aka daina yin sa cikin kimanin shekara guda. Laifin wannan gaggawa, a ganinmu, ya fi faɗawa kan masanan, domin jama'a sun ɗauka fannin ne kacokan ya gaza.

Saɓanin ya taɓa har suna, abin da zai ja hankalin masu nazarin harshe. Lanier ne ya yayata sunan da ke ɗauke da kalmar "zahiri", 'yan jarida suka rungume shi. Masana da dama kuwa sun ga ya yi alkawarin da na'urorin lokacin ba za su iya cikawa ba, suka gwammace kalmar "muhalli". Ita ce ma aka sa a cikakken sunan mujallarsu ta Presence, wadda aka fara bugawa a 1992.