Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Waiwaye Kan Tarbiyyar Matasa a Ƙasar Sule Tankarkar

Duk wanda ya je gida hutun sallah a 'yan shekarun nan, ya kuma fita bayan sallar isha'i ya zaga cikin gari, zai lura da wani abu da ba a cika maganarsa ba a tarurrukanmu na Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Filin da muka sani da suna dandali ya yi tsit. A wasu wuraren an yanka shi an yi gidaje, a wasu kuma yana nan amma babu kowa a cikinsa, yaran sun koma gindin shagon cajin waya. Mu da muka tashi a wannan fili, muka wuce makarantar allo da ta boko, har Allah ya kai mu inda muke a yau, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: a ina aka horar da mu, kuma wa ya riƙe wannan horo? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Ƙasar da Muka Fito

Sule Tankarkar ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, tare da Gumel da Maigatari da Gagarawa, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 130,000. Masarautar kanta Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma. Ta yi zamanta tana bin Borno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Hedikwatarta ta taɓa zama a Tumbi, wanda yanzu yake cikin Nijar, kafin a dawo da ita Gumel a tsakiyar ƙarni na 19. A cikin wannan ƙarni ƙasar ta sha gwabzawa da Haɗeja da Damagaram, har zuwan Turawa a 1903.

Wannan tarihi yana da alaƙa da zancenmu. Al'ummar da ke zaune a bakin iyaka, tsakanin manyan dauloli, a ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa, ba ta da wata dukiya da ta wuce samarinta. Su ne masu noma, su ne masu haƙa rijiya, su ne masu tsare gari. Saboda haka kakanninmu ba su bar tarbiyyarsu a hannun iyayen da suka haife su kaɗai ba. Ɗa na kowa ne, in ji masu iya magana, kuma a wancan zamani aiki ake yi da wannan magana.

Makarantu Uku na Dā

Kafin allo da alli na boko, yaron ƙasarmu yana bi ta makarantu uku. Ta farko ita ce tsangaya da makarantar allo. Dangantakarmu da Borno ta sa karatun Alƙur'ani ya yi ƙarfi a nan, kuma da yawa daga cikin malamanmu gabas suka yi karatu. A gaban wutar kiskali yaro yake koyon haƙuri da haddace da ladabin zama gaban na gaba.

Ta biyu ita ce gayya. Samarin gari suna da shugabansu, sarkin samari, da masu taimaka masa. Idan damina ta kankama, shi ne zai sanar cewa ranar kaza za a faɗa gonar wane, ko dattijo marar ƙarfi, ko surukin ɗaya daga cikinsu. Makaɗi yana biye da su yana zuga, mai gona yana kawo fura da tuwo. Wanda ya ƙi fita ba tare da dalili ba, akwai tarar da 'yan'uwansa za su ɗora masa. A nan saurayi yake gane cewa yana da haƙƙi a kan jama'a, jama'a kuma suna da haƙƙi a kansa.

Ta uku ita ce dandali. Da farin wata 'yanmata suna gaɗa, yara maza suna langa da 'yar ɓuya, ƙananan kuma suna gaban kaka ana tatsuniya da ka-cici-ka-cici. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe ya fara, yara su bi gida-gida suna kwaikwayon malami da maharbi da tsoho da gwauro, ana dariya ana ba su hatsi. Da kaka, bayan an kai gero rumbu, sai a buɗe fagen kokawa da dambe da kalankuwa, 'yan'uwanmu Fulani kuma su yi sharo. Da sallah a ɗunguma Gumel kallon hawa.

Waɗannan wasanni ba ɓata lokaci ba ne. Tashe wasan kwaikwayo ne cikakke, mai sutura da rabon matsayi da saƙo, inda yaro ke tsokanar marowaci da malalaci a fili ba tare da an kira shi marar kunya ba. A gaɗa yarinya take koyon tsara magana da fito da abin da ke ranta. A kokawa saurayi yake koyon cewa ana kayar da mutum ya tashi ya miƙa hannu. Babban abin lura shi ne, babu hukumar da ta ware wa waɗannan abubuwa ko anini. Na gari ne, manya suna gefe suna kallo, suna yabon wanda ya yi bajinta, suna tsawata wa wanda ya wuce gona da iri.

Zuwan Boko

Makarantar boko ta farko a lardinmu ita ce wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ilimin ya daɗe kafin ya gangaro karkara. A zamanin En'e, yaron da ya gama elementare ya yi sa'a sai ya wuce Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu idan an ji ɗan sakon hakimi ya zo neman 'yan makaranta. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, magidanta suka fara zama a zaure suna koyon baƙi da wasali, har wasu suka iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a 1939.

Babban sauyi ya zo ne a 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano wadda aka ƙirƙiro a 1967. A wannan shekara gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, aka kuma yi garambawul ga ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba suka samu makaranta, wasu a ƙarƙashin bishiya, wasu a rumfar zana. Buƙatar malamai ta ƙaru ƙwarai, kuma babbar kwalejin horon malamai da aka kafa a Gumel, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, ta ɗauki kaso mai yawa na wannan nauyi. Masu bautar ƙasa, waɗanda aka fara turawa tun 1973, suka riƙa zuwa daga kudu suna koyarwa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jiha, aka sake farfaɗo da azuzuwan dare.

Abin sha'awa a wannan zamani shi ne yadda makaranta ta karɓi aikin dandali ba tare da ta kashe shi ba. Malaman da suka tashi da tashe su ne suka kafa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, aka riƙa nuna irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Ka-cici-ka-cici ya koma gasa tsakanin makarantu. Gayya ta koma gonar makaranta da aikin 'yan sikawut. Fagen kokawa ya samu ƙani, wato gasar guje-guje da ƙwallon ƙafa tsakanin gidaje. Ranar rabon kyaututtuka kuwa ta zama ƙaramar sallah: hakimi da dagatai a gaba, iyaye a baya, makaɗa a gefe, yaron da ya zo na ɗaya ya fito a ba shi littafin Magana Jari Ce ko fitilar ƙwai gari na kallo. Da yawa daga cikinmu a irin wannan rana muka fara tsayawa gaban jama'a muka yi magana. Daga 1986 kuma, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, makarantun Islamiyya suka samu nasu fagen, tun daga matakin ƙaramar hukuma.

Yadda Igiyar ta Saki

Rauni bai zo rana ɗaya ba. Farin 1973 da na 1984 sun kori samari da yawa zuwa cirani, wasu ba su dawo ba, gayya ta rasa hannaye. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya taɓa makarantu, kuma abin da aka fara yankewa shi ne kuɗin wasanni da kyaututtuka. Daga 1990 finafinan bidiyo na Hausa suka fara yaɗuwa, gidajen kallo suka janye yara daga fili, daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Ba za mu ce ba a samu ci gaba ba. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991 ya kusanto da gwamnati. Shirin UBE na 1999 ya ƙara azuzuwa da ƙananan sakandare. Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da jami'ar jiha ta Kafin Hausa a 2013 sun sa yaron Danzomo ko Jeke ko Dangwanki yana iya yin digiri ba tare da ya bar jiharsa ba. Gine-gine sun ƙaru, ɗalibai sun ƙaru. Amma wani abu ya ragu: gari ya daina ganin makaranta a matsayin tasa. Ta zama ta gwamnati, idan rufi ya yaye a jira gwamnati. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, wanda ya durƙusar da hada-hadar kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, sun nuna mana yawan samarin da ba su da inda za su je idan kasuwa da aji suka tsaya lokaci guda.

Abin da Tarihi ya Koya Mana

Idan muka duba wannan tafiya ta sama da shekara ɗari biyu, za mu ga cewa tarbiyyar matasanmu ta fi ƙarfi a duk lokacin da manyan gari suka zo suka zauna suna kallo. Dandali ya rayu saboda dattawa suna gefe. Ranar kyaututtuka ta yi armashi saboda iyaye sun halarta. Yaro yana ƙoƙari ne idan ya san akwai idon da ke kansa.

A yau wani ɓangare mai yawa na waɗannan manya mu ne, kuma muna birni. Ba wanda yake cewa a mayar da hannun agogo baya, kuma akwai abubuwan dandali da malamanmu suka yi gyara a kansu bisa hujja. Abin da muke iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Kowane rukuni na tsofaffin ɗalibai zai iya ɗaukar ranar kyaututtuka ta makarantar firamaren da ya fito, ya kuma halarta da kansa maimakon aika saƙo. Ƙungiyarmu za ta iya sa kofi ɗaya na muhawara da ka-cici-ka-cici da ƙwallo tsakanin mazaɓu, a riƙa yi a makon sallah lokacin da muke gida. Za mu iya neman shawarar hakimai da dagatai, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Gumel Alhaji Ahmad Muhammad Sani, a keɓe filin wasa a kowane gari kafin a yanka shi. Ɗalibanmu na kwaleji kuma za su iya zama da tsofaffin da suka rage su naɗi tatsuniyoyi da wasannin tashe da tarihin garuruwa, domin kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka sani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka zauna a rana suka tafa mana ba su da albashi, ba su da mota, amma sun zo. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon yi wa na baya abin da aka yi mana. Amin.